Sabon zuwa Yamai: idan ɗan damfara ya shiga wayarka daga nesa

Salon nasu ɗaya ne. Wani zai kira ka da ladabi, ya ce asusunka ya samu matsala, ya sa ka sauke AnyDesk ko TeamViewer, manhajojin shiga waya daga nesa, ka karanto masa lambar da ta fito. Shi ke nan, duk abin da ke fuskar wayarka yana kallo, har saƙon lambar sirrin banki. Mun faɗa a taron 'yan gida har bakinmu ya bushe, amma sabon zuwa in ya ji Faransanci mai santsi sai ya ɗauka hukuma ce.

In ya riga ya faru, kashe data da wifi nan take. Kada ka canza kalmar sirri a wannan wayar, ari ta maigidanka. Fara da Gmail, don ta nan ake buɗe sauran, sannan banki da asusun kuɗin waya. Waɗannan ka je ofishinsu da ƙafarka, da katin shaida, a toshe. Goge manhajar kaɗai bai isa ba, wataƙila ya dasa wata. Kwashe hotunanka da shaidun da za ka kai wa 'yan sanda, a mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani.

WhatsApp kuwa, sake rajista da lambarka. Lambobi 6 da za su zo ta saƙo su ne ke fitar da shi. Duba na'urorin da aka haɗa, ka cire baƙuwa. In ya sa tasa lambar tsaro, sai ka jira kwana 7. Kafin nan kira gida, don yanzu haka yana roƙon gyatumarka jika hamsin da sunanka.

Inda abin ke da ciwo shi ne takardu. Kusan kowane baƙo yana da hoton fasfo, katin shaida, takardar haya da ta haihuwa a cikin waya. Kalmar sirri ana canza ta, lambar fasfo ba ta canzuwa sai da sabo. Da hoton nan ana iya buɗe asusu ko damfarar wani da fuskarka, ranar da aka kai ƙara kai za a nema. Don haka je wurin 'yan sanda masu binciken laifuka, da lambar da ta kira ka, da ranar da lokacin, da saƙonnin fitar kuɗi. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019. Nemi shaidar ka kai ƙara, ka yi mata kwafi biyu, ɗaya a ajiye wurin shugaban 'yan garinku.