Shawara ga masu zana fosta: ku leƙa aikin 'yan'uwan Stenberg

Salamu alaikum 'yan'uwa masu zane. Duk wanda fostarsa ke cika da fuskoki har ido ya rasa inda zai sauka, ina ba shi shawara ya nemi aikin Vladimir da Georgii Stenberg, wa da ƙani 'yan Mosko, haifaffun 1899 da 1900. Daga 1922 sun yi ta tsara dandalin gidan wasan kwaikwayo na Kamerny ƙarƙashin darakta Aleksandr Tairov, kuma a shekarun 1920 suka zana fostocin fim masu ɗimbin yawa.

Abin da na fi so mu ɗauka shi ne yadda suke yi da fuska. A lokacinsu injin ɗab'i ba ya fitar da hoto babba da kyau, sai suka riƙa haska hoton fim a bango, suna bin sa da hannu suna zanawa. Fuska ɗaya ake ƙara wa girma, wani lokaci rabinta kawai, a karkata ta, a aza ta kan launi guda mai ƙarfi. Rubutu ma ba a jere yake ba, yakan yi da'ira ko ya gangara, ya ja idon mai wucewa zuwa sunan fim.

To ku gwada: kafin ku buɗe kwamfuta, ku zana tsarin da fensir a takarda ƙarama. Launi uku sun isa, baƙi a ciki. In kun gama, ku ajiye zanen nesa da taku biyar ku duba. Idan sunan bai karantu daga can ba, ku rage fuskoki, kada ku ƙara ado. Mai aikin zai so a sa fuskar kowa, ku nuna masa samfuri biyu ya zaɓa.