Lauyan Yaya ba lauyan marayu ba ne

Kuskuren da anka fi yi nan Sakkwato in an zo rabon gado shi ne a ce "ai Barista na gida ne, shi ke yi ma marigayi aiki tun da can", sai a kwashe takardun gida da na shago da na gonar fadama a miƙa mishi. To wa ya kira shi wannan karon, wa ke biyan shi? In babban wa ne, to lauyan babban wa ne, ba na amarya ba, ba na ƙananan ɗiyanta ba, ko da kullum shina durƙusawa ya ce Hajiya ina kwana. Ran da za a yi ma gidan marigayi na unguwar Mabera kuɗi, Yaya na son a karya farashi don shi ke son saye, marayu ko amfaninsu gidan ya yi tsada, ta yaya mutum guda zai tsaya ma su biyu? Ka'idojin aikin lauya na Najeriya, na 2007 da waɗanda anka sabunta a 2023, sun wajabta mishi ya faɗi tun farko in shina da alaƙa da wani ɓangare ko wani amfani nashi cikin maganar. Ku tambaye shi gaban mutane: Barista wa kake wakilta? In ya fara kwana-kwana, uwar yara ta nemi nata.

Wani abun kuma, a bar mishi riƙon dukiyar marayu baki da baki, shi ke karɓar haya, shi ke gyara, shi ke lissafi, kuɗi na faɗawa akawun ɗinshi. Haramun ne gare shi ya gauraya kuɗin wanda yake ma aiki da nashi. A je kotun shari'a alƙali ya tabbatar da wanda zai riƙe, a buɗe akawun daban, rasit na kowace haya, kuma ran da yara sunka yi hankali a miƙa musu gaban shaidu, haka aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta ce.

Sai lauyoyi masu "ku bar min filin nan a bakin kuɗin aikina", ko a wayi gari ƙanin lauyan ne ya saye gonar da ake shari'a a kai. Kuɗin aiki a yanke shi da naira a rubuce tun kafin a fara.

In shi ya rubuta wasiyyar kuma anka yi gardama, misali ta wuce sulusi ko an yi ma magaji, to shaida ne shi, bai kamata ya tsaya lauya a shari'ar ba.

Wanda anka riga anka cuta, kunyar surukuta ba ta dawo da ko sisi. Tara kwafin takardu da alat na banki, a rubuta koke ga reshen ƙungiyar lauyoyi ta Najeriya, NBA, na Sakkwato ko kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC.