Yadda ake rina naman hanta don a ga tabo a maikuroskof

Idan ciwon hanta nau'in B ya daɗe a jiki, ko ƙwan tsargiya ya maƙale a hanta, zaren kolajin, furotin ɗin da ke riƙe naman jiki, yakan taru ya zama tabo. Rinin H&E (hematoksilin da iyosin) na kullum ba ya fito da shi sosai, kusan komai ruwan hoda yake zama. A ɗakin gwaje-gwajenmu na nan Gombe, ni dai na fi yarda da Picrosirius red, wanda Junqueira da abokan aikinsa suka bayyana amfaninsa da hasken folaraiza (matatar da ke barin hasken da ke kaɗawa ta fuska ɗaya kawai ya wuce) a 1979.

Fara da jiƙa naman cikin fomalin mai kashi 10 na kwana guda, sannan a tsotse ruwan jikinsa a binne shi cikin kakin farafin. Zafin Afrilu yana tausasa kakin, don haka ka ɗora shi kan ƙanƙara kafin ka yanka, kaurin maikiron 5, sannan ka shimfiɗa yankan a kan gilashi. Cire kakin da zailin, sinadarin da ke narkar da kaki, ka bi ta itanol har zuwa ruwa.

Rinin kuwa, giram 0.5 na Sirius red ake narkarwa cikin mililita 500 na ruwan da ya ƙoshi da asid ɗin fikirik. Hattara, garin fikirik in ya bushe yana iya fashewa, kullum a jiƙe ake ajiye shi. Tsoma gilashin cikin rinin awa ɗaya cur. Ɗalibai sukan ga ja ya kama da wuri su yi garaje su cire, alhali siraran zaren ba su sha ba tukuna.

Ɗauraye sau biyu da ruwan da aka zuba wa asid ɗin asetik, mililita 5 a lita ɗaya. Ruwa zalla kwashe jan yake yi. Sai itanol zalla sau uku, zailin, a ɗiga DPX, gam ɗin manne murfin gilashi, a rufe.

A hasken yau da kullum za ka ga kolajin jajir bisa rawaya, nan ne ake auna tabon daga F0 (babu tabo) zuwa F4 (tabo mafi tsanani) a ma'aunin tabon hanta na METAVIR. In ka gitta folaraiza biyu, fili ya yi baƙi ƙirin, kaurarran zare su haska rawaya ko ja, sirara kuma kore. Juya gilashin a hankali, domin zaren da ya yi layi da folaraiza ɓacewa yake. Kada ka rubuta cewa koren zare kolajin nau'i na 3 ne, kauri da kwanciyar zaren ma suna sauya launi. Lokacin hunturu kuma ka goge gilashi, ƙurar buji ma tana ƙyalli.