Yadda na tsayar da yoyon baƙin mai a Corolla

Baƙin mai yana raguwa, ga ƙauri in na tsaya a go-sulo. Na duba filta da notin juye mai, lafiya lau. Da na zare koyil, wato abin da ke ba fulogi wuta, sai ga mai a ramin fulogi. Ashe robar murfin saman inji ce ta bushe, har tana karyewa.

Na sayo sabuwa a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Da inji ya huce, na cire koyil da tiyo, na kwance notuna da sifana lamba 10, na ɗaga murfin, na goge bakinsa tas da fetur, na sa sabuwar robar. Gam ɗan ɗigo kawai, a mahaɗar murfin tamin-cen, wato sarƙar inji. Masu lafta shi ko'ina ɓarna suke yi. Na ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, a hankali, don alminiyon baya son ƙarfi.

Alhamdulillahi, yoyo ya tsaya.