Yadda za ku bi diddigin maganin ƙwayoyin gado ga farfaɗiyar da ta ƙi jin magani

Kafin iyali su ɗora fatansu a kan wani sabon magani, wajibi ne su tabbatar cewa farfaɗiyar ta ƙi jin magani da gaske. Ma'aunin da Ƙungiyar Yaƙi da Farfaɗiya ta Duniya ta fitar a 2010 shi ne a gwada magunguna biyu da suka dace, a sha su yadda likita ya tsara, amma faɗuwar ta ci gaba. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon suna cikin wannan hali. Wanda yake sha yau ya tsallake gobe don kuɗi sun yanke, ko wanda aka sayar wa jabu, matsalarsa daban ce, kuma ita ya kamata a fara gyarawa.

Daga nan sai ku tanadi littafi, ku riƙa rubuta ranar da ciwon ya tashi da tsawon lokacin da ya ɗauka. Idan hannun dama ne yake fara karkarwa kafin mutum ya faɗi, ko yana jin wani wari da ba wanda yake ji, ku rubuta, in da hali ku ɗauki bidiyo da waya. Waɗannan alamu, tare da gwajin EEG mai auna aikin lantarkin ƙwaƙwalwa da hoton ƙwaƙwalwa na MRI, su ne suke nuna wa likita wurin da ciwon yake tasowa a ƙwaƙwalwa, kuma wannan wurin ne sabon maganin yake nufa.

Ga yadda wannan magani na ƙwayoyin gado yake aiki. Kowace ƙwayar jijiya tana da ƙananan ƙofofi da sinadarin fotasiyam yake fita ta cikinsu, kuma fitarsa ce take kwantar da ita bayan ta aika saƙo. Masu bincike a Jami'ar UCL da ke Landan, cikinsu har da Farfesa Dimitri Kullmann, sun ɗora ƙwayar gado mai suna KCNA1, wadda take ɗauke da umarnin ƙera irin wannan ƙofa, a kan bairos da aka cire wa ikon haddasa cuta, suka yi allurarsa a daidai wurin da ciwon yake, domin jijiyoyin wurin su ƙara yawan ƙofar da ake kira Kv1.1. A 2012 sun nuna cewa hakan ya rage farfaɗiya a jikin ɓeraye, a 2019 suka gabatar da ingantacciyar ƙofa mai suna EKC, a 2022 kuma suka tsara ta yadda sai jijiya ta wuce gona da iri sannan maganin yake fara aiki. A ganina wannan matakin na ƙarshe ya fi ƙarfafa gwiwa, domin yana barin lafiyayyun jijiyoyi su ci gaba da aikinsu.

Sai dai har yanzu maganin yana matakin bincike, ba a sayar da shi a ko'ina. Duk wanda ya nemi kuɗinku da sunansa, ku nemi lambar rajistar gwajin, ku duba ta a shafin ClinicalTrials.gov, sannan ku nuna wa likitan jijiyoyi. A halin yanzu kada ku dakatar da maganin da ake sha kwatsam, domin hakan yana iya jawo faɗuwar da ba ta tsayawa. Ku tambayi likita ko mara lafiyar ya cancanci tiyatar cire wurin da ciwon yake, ko tsarin abinci mai yawan maiƙo da ake yi wa yara a ƙarƙashin kulawar asibiti.