Yadda za ka farkar da zuciya ka rage kaya

Bayan sallar asuba kada ka taɓa waya. Shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ka zauna minti goma kana bin numfashinka. Tunanin bashi da na kasuwa zai zo. Ƙyale shi, ka koma kan numfashin. Nan Garwa, a watan Afrilu, wannan ne lokacin da na fi samun natsuwa, kafin zafi ya haura digiri 40.

Sai kaya. Buɗe akwati, rigar da ba ka sa ba tun Sallar bara ka ba mabuƙaci, da hannunka. In wani abu ya ja idonka a babbar kasuwa, kwana da shawarar tukuna. Sau da yawa kafin gari ya waye sha'awar ta kwanta, sefarka na aljihu.