Kafin ka yar da dainamon tsohuwar mota

Makon jiya wani dattijo ya jawo Land Rover ɗinsa ƙirar 1965 zuwa garejinmu da ke wajen Tashar Dukku a Gombe. Batir ba ya caji, kuma an riga an ce masa dainamo, wato na'urar da ke cajin batir, ya mutu, ya sa altanita kawai, irin ta motocin zamani. Na ce, "Baba, a ba ni rabin awa tukuna."

Da fambel nake farawa. Danna shi da babban yatsa, in ya lotsa fiye da santimita ɗaya da rabi to ya saki. A Volkswagen Beetle kuwa wannan bel ɗin ne ke juya fankar sanyaya inji, don haka jar fitilar caji na kamawa kana tafe, tsaya nan take. Amma in mota tana silo fitilar ta ɗan yi ja, ba ciwo ba ne. Halin dainamo ke nan, sai inji ya ɗaga yake ba da wuta.

Sai mita a kan batir. Mota a kashe za ka ga wajen volt 12.6, in an ba ta wuta ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ya ƙi motsi, raba dainamo da katawut, wato na'urar da ke daidaita wutar da yake kai wa batir, ka gane wa ke da laifi.

A nan yara ke ɓarna, don dainamon kamfanin Lucas da na Bosch ba haɗinsu ɗaya ba. Na Lucas, irin na Land Rover, bakinsa biyu, D da F. Cire wayoyin, ka haɗa bakunan da guntuwar waya, mita tsakaninsu da bodin mota. Tayar da inji, ka ƙara wuta sannu-sannu. Lafiyayye nan da nan zai hau, kada dai ka bari ya wuce 20. In ya maƙale ƙasa da 1, zargi kwal ɗin fil, wato naɗin wayar da ke manne a jikin dainamo ta ciki. In 4 ko 5 ne, amica, wato ɓangaren da ke juyawa a tsakiya. Na Bosch da ke Beetle kuwa DF ake kai wa bodi, a auna a D+. Ina yaron gareji na taɓa yi wa Bosch haɗin Lucas ban ma cire wayoyi ba, katawut ya yi hayaƙi. Maigidana bai ce uffan ba, kuɗin abincina na mako ne ya yi bayani.

Na Baba ko 1 bai kai ba, amma ban yanke hukunci ba sai da na kwance shi. Ashe ƙurar hunturu ce ta haɗu da giris ta daskare, burushi ɗaya ya maƙale a gidansa, ba ya taɓa tagullar amica. Na wanke da fetur, na goge tagullar da sanfefa mai laushi, na bi tsakanin layukanta da guntun zarto na yashe dattin. Ka kuma duba ko dalma ta narke ta fantsama a ciki, wannan alamar amica ta sha zafi ce.

Bayan an mayar, a tuna wa dainamo hanyar wutarsa: a Lucas, ɗauko waya daga kan batir wanda ba ya bodi, ka ɗan kyasta a F sau biyu. Duba da kyau, don Land Rover ta wancan zamani kan + ne ke bodi.

Muka tayar, allura ta tsaya a 14. Baba ya ce a ɗaure masa tsohon fambel ɗin da muka canza ma a leda, zai tafi da abinsa.